Wanda Ya Huda Kwale-kwalen Faiba

Ranar da muka dawo daga hutun ƙarshen mako muka tarar an huda kwale-kwalen. Yana kife a kan turakun katako a tsakiyar rumfar aiki, an gama shi saura fenti, sai ga rami a gindinsa wanda ƙato zai zura kai har da kafaɗa ɗaya. Ni na fara gani, don ni ke buɗe ƙofar gaba. A ƙa'ida ni ya kamata a fara zargi, amma ko mutum ɗaya bai kalle ni ba. Kowa ya san in aka ba ni zarto, yatsana zan fara yankewa. Har yau ban yanke shawara ba ko in gode musu ko in ji haushi.

Kamfanin namu, in ana kiran rumfar kwano kamfani, aikin faiba yake yi. Faiba zaren gilashi ce da aka saƙa kamar tabarma. Ita kaɗai tsumma ce. Ruwan danƙon da ake shafa mata, rezin, shi ma in ya bushe shi kaɗai ƙaramin yaro zai karya shi. Amma in aka shimfiɗa faiba a cikin mol, wato mazubin da ke fitar da siffar abu, aka jiƙa ta da rezin, aka bi da rola aka kori iska, aka ƙara wata shimfiɗar a kai, aka yi ta yi, sai a sami abin da guduma za ta doka ta dawo wa mai ita. Tankunan ruwa muke yi da kujeru da bahon wanka. Kwale-kwalen ne babban aikinmu na farko, ƙungiyar masu fito ta ba mu.

Ni ban taɓa riƙe rola ba. Aikina kai kaya da yi wa masu saye daɗin baki. Manaja suke kirana, muƙamin da bai zo da ko kujera ba. Duk da haka warin rezin ya kama rigunana, har matata tana cewa tun daga bakin layi take sanin na taso. Yanzu wurin ya zama gidan mai, tankuna kuma inji ke zubo su kamar ƙwai. Amma in na wuce inda ake gyaran bambar gaban mota na shaƙi warin nan, sai in rage tafiya kamar wanda ya ji muryar wani nasa.

Kafin rana ta take unguwa ta yanke hukunci: Kawu ne.

Kawu yayan mahaifiyata ne, kafinta, mai haɗa kwale-kwalen katako a bakin kogi, can bayan katangarmu. Shi ke yi wa masu fito tun iyayensu, sai ga shi sun juya masa baya sun zo wurinmu. Shi kuma ba ya ajiye magana a ciki. A teburin mai shayi ya sha cewa wannan bahon wanka ne aka miƙar, kuma duk wanda ya shige shi ya bar wasiyya. Maigadinmu ya ce ya gan shi ranar hutu yana kewaya katanga. 'Yan sanda suka zo, suka leƙa ramin daga sama, suka tabbatar cewa rami ne, suka ce kada wanda ya motsa kwale-kwalen, suka tafi da Kawu. Maigidanmu ya rantse sai an kai shi kotu, don ya zama darasi. Tsoho mai ciwon ƙirji, wanda bai taɓa kwana a waje da ɗakinsa ba sai a asibiti.

Da yamma na je gaida mahaifiyata. Ba ta amsa ba. Ta ce mini kawai tabarmar da nake shirin zama a kai ta ɗan'uwanta ce, in bari sai ya dawo ya ba ni izini. Na koma gida da yunwata. Matata ta saurare ni har na gama, sannan ta ce in je wurin Baba, mahaifinta.

*

Surukina mai bin sawu ne. A ƙuruciyarsa in an sace dabba ko yaro ya ɓata a daji, shi ake kira. Yana duba ƙasa ya gaya maka mutum nawa ne, wanne ne ke ɗingishi, wanne ne ya ɗauko kaya. Kwalta da babur suka kashe masa sana'a, ya koma kiwon tantabaru. Ni tun ranar da na fara zuwa neman 'yarsa nake ɗari-ɗari da shi, don kafin ya kalli fuskata takalmina ya kalla, kuma har ya bar duniya bai gaya mini abin da ya gani ba.

Ya zo washegari da sandarsa. Ya tsaya a bakin rumfa ya dubi daɓen siminti wanda rabin unguwa suka tattake wurin kallon rami, ya ce ko garken shanu aka kora ta nan iyakar abin da za su yi ke nan.

Ni kuwa na kwana da dabara. Duk wanda ya yanka faiba, ƙurarta sai ta shiga fatarsa ta yi ta ƙaiƙayi. Don haka, na ce masa, mu nemi mai susa. Ya ce to, in je in nemo. Na fita ina ƙare wa mutane kallo. Mai shayi yana susa. Mai faci yana susa. Matar da ke sayar da ruwan sanyi tana susa da hannu biyu. Ashe shekara da shekaru iska na raba wa maƙwabta ƙurarmu kyauta. Na dawo ni ma ina sosa wuya. Baba ya tambaye ni ɓarayi nawa na kama, na ce unguwar ce gaba ɗaya. Ya ce aiki ya yi kyau.

Shi kuma ya zauna a kan wani tanki da aka kife, yana kiran mutane ɗaya bayan ɗaya.

Maigadi ya rantse bai motsa daga ƙofa ba duk yinin ranar. Baba bai musa ba. Ya tambaye shi kawai wa ya ci wasan ƙwallon ranar, Maigadi ya manta kansa ya fara bayanin yadda alƙalin wasa ya yi musu coge. Da ya farga sai ya sunkuyar da kai. Ashe tun azahar ya tafi gidan kallo, bai dawo ba sai da rana ta yi sanyi. Amma ganin Kawu, ya ce, wannan da idonsa ya gani kafin ya tafi.

Sai Anti Mai Almakashi, wadda ke yanka mana faiba. A da tela ce, kuma ba ta daɗe da yin cacar baki da Maigida ba a kan safar hannu. Ta ce da huda take son yi, tayar motarsa za ta huda, kuma a gabansa. Dogo, mai dama rezin, ya ce yana gidan suna, ya lissafo shaidu har Baba ya ɗaga masa hannu.

Na ƙarshe Gwani. Shi ya koya wa kowa aiki a wurin, har Maigida. Tsoho ne siriri, farcensa duk rezin ya cinye. In ya ga kumfar iska ko kamar ƙwayar gero ce a aikinka, sai ka ɓare ka sake, kuma sai ya kira sauran su zo su gani. Yakan ce iska a tsakanin shimfiɗa munafuki ce, tana kwance lafiya sai ranar da aka ɗora nauyi. Gindin kwale-kwalen bai bar kowa ya taɓa ba, da hannunsa ya shimfiɗa shi. Mutane sai jaje suke masa kamar wanda aka yi wa rasuwa. Baba ya tambaye shi ko ramin zai gyaru. Ya ce zai gyaru, kuma wurin zai fi da ƙwari. 

Da suka watse Baba ya tambaye ni ina guntun da aka yanke. Sai a lokacin na lura babu shi. Ya ce maƙiyi in ya yi ɓarna yakan bar ta a fili don a gani a ji zafi. Bai san dalilin da zai sa mutum ya huda abu kuma ya tafi da abin da ya cire ba.

*

Muka je ofishin 'yan sanda. Kawu yana zaune a bayan kanta, ba hula, ya rame a kwana biyun nan kamar an matse shi. Ya dube ni ya ce ashe Manajan baho ya tuna da dangi. Baba ya tambaye shi abin da ya kai shi katangarmu. Ya ce iska yake sha. Baba ya ce a bakin kogi yake zaune, iskar can ta ƙare ne? Kawu ya daɗe yana tari. Can ya ce, da sharaɗin kada maganar ta je teburin mai shayi, leƙe ya je yi. So yake ya ga yadda suka fitar da ƙirjin kwale-kwalen ba tare da ƙusa ko ɗaya ba. Abin ya hana shi barci.

"Da ni ne," in ji shi, "da gizago zan yi masa, kuma in tsaya a wurin har ku zo."

Na yarda da shi. Amma yardata ba ta buɗe ƙofar kanta.

Da rana ta karkata Baba ya kai ni ƙofar baya ta rumfa, ya ce in tsuguna in kalli ƙasa ta gefen da hasken ke zuwa. Na tsuguna, gwiwoyina suka yi ƙara. Sai na ga wani ƙyalli siriri kamar an barbaɗa gishiri, ya fita daga ƙofa ya bi hanyar kogi. Ƙurar faiba ce da ta riƙa zuba daga guntun da aka ɗauka. Ban taɓa ganin Baba haka ba. Ya ajiye shekaru a gefe, yana tafiya a duƙe, sanda a baya, yana magana da ƙasa ƙasa-ƙasa. Na bi shi zuciyata fari, ina shirya yadda zan ba da labari da ni a gaba.

Ƙyallin ya kai mu daidai ƙofar rumfar Kawu, ya wuce ta gefenta, ya faɗa ruwa.

Na ce Baba mu bar wannan a tsakaninmu. Ya dube ni yadda ya dubi takalmina a wancan karon. Ya ce shi bai taɓa share sawu ba, kuma hanyar kogi guda ɗaya ce, kowa ta ƙofar Kawu yake bi. Amma labari ya riga mu komawa, don mai shayi ya hango mu. Maigida ya aiko a gaya mini gobe-jibi za a shigar da ƙara.

*

Washegari Baba bai tambayi kowa komai ba. Ya zo ya zauna a kan tankinsa yana kallon aiki kamar wanda aka kora daga gida. Ni ina ta safa da marwa, ina jin haushin tsohon da ya zo hutawa alhali kawuna na tari a kan siminti.

Wajen hantsi wata mata ta kawo tankinta da ya fashe a gefe. Dogo ya ɗauko injin gurza, ya share bakin fashewar a tsaye, zai ɗora faci. Gwani yana can nesa, amma ƙarar injin kaɗai ta taso shi. Ya ƙwace tankin, ya ce sau nawa zai faɗa, faci ba ya kama bakin da ke tsaye. Ya ɗauko guntun katako ya naɗe shi da sanfefa, ya zauna yana goge bakin ramin da hannu, yana kwantar da shi a hankali kamar gangaren gaɓar kogi, har faɗin tafin hannu ko'ina. Yana yi yana shafawa da babban yatsa, idonsa a rufe. Anti ta ce mini a duk garin nan shi kaɗai ya rage mai wannan wahalar, kowa inji yake sawa.

Ban ga lokacin da Baba ya tashi ba. Sai ganin ƙafafunsa na yi sun leƙo daga ƙarƙashin kwale-kwalen. Tun da abin ya faru kowa daga sama yake leƙa ramin, har 'yan sanda, don ba mai son ƙurar faiba a bayansa. Ya daɗe a ciki. Da ya fito, rigarsa ta yi fari fat, bai yi kama da wanda ya ci nasara ba. Ya ce in gaya wa Maigida ya tara mutanensa bayan an tashi.

*

Muka taru a gefen kwale-kwalen: Maigida da makullin mota a hannu alamar yana sauri, Maigadi, Anti, Dogo, sauran ma'aikata, da Gwani a kan bencinsa. Baba ya ce shi bai san faiba ba, ƙasa ya sani, ƙasar kuma ta kai shi ruwa ta tsaya. Don haka roƙo ɗaya yake yi: kowa ya zura hannu ta ramin ya shafa bakinsa ta ciki.

Ni na fara, don a san ina wurin. Na ji santsi, na ce lallai zarton mai kaifi ne. 

Dogo ya zura hannu yana murmushi. Murmushin ya tafi. Ya zaro hannun a hankali ya sa a aljihu. Anti ta shafa, ta zagaya da yatsunta har ta dawo inda ta fara, sannan ta koma gefe tana gyara ɗankwalin da bai kwance ba. Haka suka bi ɗaya bayan ɗaya. Na lura duk sun sami abin kallo a rufin kwano ko a ƙasa, ban da wajen benci. Maigida ya ajiye makullinsa ya shafa shi ma. Ya daɗe hannunsa na ciki.

Baba ya ce wanda ya zo ɓarna, yankewa zai yi ya gudu. Wannan kuwa da ya gama yankewa sai ya kwanta a ƙarƙashi, cikin zafi da ƙura, ya goge bakin ramin ya kwantar da shi faɗin tafin hannu, don facin da za a ɗora ya kama. Ya ce shi a rayuwarsa bai taɓa bin sawun ɓarawon da ya tsaya ya gyara wa mai gida danga ba. Sannan ya juya wajen benci.

"Saura kai, Malam."

"Ba sai na taɓa ba," in ji Gwani.

Ya yi maganar yana kallon hannuwansa. Ya ce ranar hutu ya zo shi kaɗai don ya ƙara duba aikin kafin fenti. Ya bi gindin yana ƙwanƙwasawa, sai wuri ɗaya ya amsa masa da muryar ganga. Iska ce kwance a tsakanin shimfiɗa, faɗin faranti, a daidai inda mutane za su taka. Idonsa ya daɗe da fara yi masa hazo, bai gaya wa kowa ba, ranar shimfiɗa bai ga kumfar ba. Ya ce ya zauna a nan ya tuna duk wanda ya taɓa kira a gaban jama'a saboda kumfa kamar ƙwayar gero. Sai ya ɗauko zarto. Guntun ya jefa a kogi don kada wani ya ɓare ya gani. Gugar bakin kuwa, ya ce wallahi bai san ya yi ba, sai da ya ga sanfefa a hannunsa.

Ya ɗauka za a ce 'yan iskan gari ne, a yi tsaki, a ba shi ya gyara. Da aka kama Kawu, kullum sai ya ce gobe zai faɗa.

Anti ce ta fara magana. Ta ce, "Baba Gwani, da ka kira mu mun ɓare tare. Mu da muka saba."

Maigida ya ɗauki makullinsa ya nufi ofishin 'yan sanda. Gwani ya tashi ya bi shi ba tare da an kira shi ba.

*

Ina wurin lokacin da aka fito da Kawu. Gwani ya cire hula ya fara ba shi haƙuri, Kawu ya katse shi, ya ce ya fara gaya masa abin da ya sami kwale-kwalen. Gwani ya gaya masa. Kawu ya tambayi a wane wuri ne, da faɗinsa, da abin da zai faru in an cika shi da mutane da kaya a tsakiyar ruwa. Ya saurara yana gyaɗa kai, kamar likita biyu a kan majinyaci ɗaya.

"Ramin daidai ka yi," in ji Kawu. "Ni ma da haka zan yi. Shirun ne ban yafe ba."

Ya karɓi hularsa a kanta ya wuce. A daren mahaifiyata ta zuba mini abinci, ta ce in gaida surukina, shi da ya yi aikin.

Maigida ya janye ƙara, ya ce Gwani uba ne, ba a kai uba kotu. Gwani ya ɗora facin da hannunsa, amma a karon nan ya sa Dogo ya tsaya a kansa da fitila yana nuna masa inda kumfa take. Ban san wanda abin ya fi yi wa nauyi a cikinsu ba. Gwani ya ce daga wannan ya ajiye rola.

Ranar da aka saka kwale-kwalen a ruwa, masu fito suka tsaya cirko-cirko, kowa na jiran wani ya fara shiga, don duk gari ya san an taɓa huda shi. Sai ga Kawu ya fito daga rumfarsa, ya ratsa mutane, ya shiga ba sallama. Ya duba ƙasa har ya gano facin, ya tsaya a kansa, ya buga diddige da ƙarfi, sannan ya zauna daram a wurin ya ce a tuƙa. Aka kai shi tsallake aka dawo da shi. Da ya sauko, Gwani na tsaye a gefena, kafaɗarmu har tana gogayya. Kawu bai dube shi ba. Ni ya duba.

"Manaja, in ka ga mutumin nan, ka ce masa facin ya yi."